Kwalbar Wani Bawan Allah

Kawu bai taɓa ba mutum magani ba sai ya ga fitsarinsa. Ko da kuka ka zo, kana dafe da kwiɓi, sai ya miƙo maka kwalba ya nuna maka bayan shago. Idan ka dawo da ita ya fito bakin ƙofa, ya ɗaga ta saitin rana, ya runtse ido ɗaya, ya girgiza ta a hankali kamar mai zaɓen turare. Masu wucewa sun saba, ko kauce masa ba sa yi. Ni ce dai ban saba ba. Lokacin ina yarinya, in na taso daga makaranta da ƙawayena na hango shi tsaye da kwalba a hannu, sai in ce mu bi ta ɗaya layin, wai can ya fi inuwa.

Yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanmu. Da wannan sana'ar da nake gudu ya ciyar da mu, kuma a kanta na yi masa abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Asalinsa direban babbar mota ne. Shekara goma sha huɗu yana kan hanya, kuma kamar sauran direbobi ba ya shan ruwa sosai don kada ya yi ta tsayawa, in fitsari ya matsa masa kuma ya danne sai ya kai inda ya nufa. Wata rana ciwo ya kayar da shi a wani ƙaramin gari. Wata tsohuwa mai sayar da abinci a bakin titi ta tafasa masa gemun masara da sha'ir, ta tsaya a kansa tana ɗura masa kofi bayan kofi. Kwana uku ya miƙe. Duk wanda ya zauna a bencin shagonsa sai ya ji wannan labari, kuma tsohuwar nan ƙara tsufa take yi duk shekara. Farkon jina shekarunta saba'in ne, kafin in yi aure ta haura ɗari.

Daga nan ya ajiye tuƙi ya kama wani lungu a ƙarƙashin matattakalar bene, daura da tashar mota, tsakanin shagon tela da na mai gyaran waya. Ba wani girma gare shi ba. Kanta uku ne a bango, buhunan gemun masara a ƙasa, risho, wata ƙatuwar tukunya da gindinta ya yi baƙi, mataci rataye a ƙusa, da rediyon da bayansa ya cire aka ɗaure batirin da roba. Yana ƙara citta da tafarnuwa a haɗin, sannan da wata saiwa mai ɗaci da bai taɓa faɗa wa kowa sunanta ba, ko Inna matarsa. Warin shagon ya kama tufafinsa, ya kama gemunsa, har takardun makarantata in ya sa hannu a kai sai sun ɗauka.

Ka'idarsa ɗaya ce, kuma ba ya canza ta. Fitsari mai duhu ko mai gurɓata, datti ne ya taru a ƙoda. Fitsari fari tas, ƙoda ta wanku. Sai ya ba ka jarka cike da ruwan tukunya, ya ce ka shanye kafin gobe, ka bi da ruwa gora biyu, kuma in ya ji ka ƙara danne fitsari a hanya kada ka sake tako masa shago. Direbobi na tsoronsa fiye da yadda suke tsoron 'yan sanda. Bayan kwana uku su dawo da kwalba, ya ɗaga, ya ga ta yi fari, baki har kunne ya ce a tashi a ba shi wuri, an warke.

Shi ya matsa sai na karanci aikin gwaje-gwajen asibiti. Burinsa in gama in zo in duba tukunyarsa da madubin nan mai nuna ƙwayoyin cuta, in gaya wa duniya abin da ke ciki. Tun kafin in taɓa madubin da hannuna ya sa mini suna 'Yar Madubi, kuma sunan ya bi ni har gidan mijina.

Na kuwa duba masa. Shekarata ta biyu da fara aiki na ɗebi ruwan tukunyar a ƙaramar kwalba na kai ɗakin gwaji. Yadda muke yi shi ne, mu shuka ƙwayar cutar a faranti, mu ɗiga magani a kai, mu bar shi ya kwana. In maganin na kashe ta, za ka ga da'ira fes kewaye da inda aka ɗiga, babu abin da ya tsiro. Na ɗiga maganin asibiti a gefe ɗaya, ruwan Kawu a ɗaya gefen. Washegari na asibiti ya share fili kamar faɗin kwabo. Na Kawu kuwa ƙwayoyin sun tsiro har cikin ɗigon, sun yi shar da su.

Na ɗauki hoto a waya na kai masa. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya sa na ƙara masa girman hoton sau biyu. Sannan ya miƙo mini wayar ya ce faranti ba shi da hanta, ba shi da jini, ba ya gumi, to yaya za a yi ya san abin da magani ke yi a cikin mutum.

Abin haushi, yana da gaskiya a nan. Akwai abin da ke kashe cuta a faranti ya shiga jiki ya zama ruwa, akwai kuma wanda sai a jiki yake nuna kansa. Hanyar da za a sani ita ce a ɗauki marasa lafiya da yawa, a ba wasu a hana wasu, a bi kowa har ƙarshe. Na gaya masa haka, na ce a iya abin da na karanta ban ga inda aka yi wa ganyayyakinsa irin wannan bibiya aka ga sun kashe cutar da ta hau ƙoda ba. Ya ce shi shekara talatin yana bibiya, kuma ba wanda ya taɓa dawowa ya ce bai warke ba. Na ce ai wanda bai warke ba ba ya dawowa wajensa, wajena ake kawo shi a kwance.

Bai ji daɗi ba, amma dariya ya yi, ya ce ya ɗauko wa kansa alƙali da hannunsa.

Don Allah kada a ɗauka Kawu maƙaryaci ne. Ni na san inda alherinsa yake. Yawancin masu zuwa wajensa ƙishirwa ce ta dame su, ko ciwon baya na zaman kujerar mota, ko ɗan zafin mafitsara wanda sau da yawa in an sha ruwa aka huta yakan lafa. Mutumin da ya sa direba ya sha ruwa gora biyu a yini ya yi aikin lada. Ruwan tukunyarsa kuma yana sa fitsari, wannan kowa ya gani. Matsalar tana wajen 'yan kaɗan ɗin nan da cutar ta bar mafitsara ta hau sama, masu zazzaɓi da rawar sanyi da amai da ciwon kwiɓi. Su ba wanki suke bukata ba, maganin kashe ƙwayar cuta suke bukata, kuma da wuri. Na sha gaya masa in ya ga irin waɗannan ya turo su. Yakan ce to. Wani lokaci ya turo, wani lokaci ya ce bari a ga kwana uku.

Tela maƙwabcinsa kwana tara ya yi yana gani. Ranar da aka shigo da shi asibitinmu mutum huɗu ne suka ɗauko shi, yana ta sambatu yana kiran awon wandon mutane. Ni na ɗebi jininsa. Cutar ta riga ta shiga jini, da ƙyar aka ceto shi. Matarsa ta gane ni a baranda, ta kuwa tsaya a gaban abokan aikina ta wanke ni tas, ta ce mu zuri'a ɗaya ne, kawu ya kwantar, 'yar ƙanwa ta zo da allura. Na koma ɗakin gwaji, kwalbar jini guda ta suɓuce mini ta fashe, abin da ban taɓa yi ba.

Kwana uku bayan haka, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, maigadi ya leƙo ya ce wani dattijo na nemana a waje, ya ƙi shigowa. Na fita na tarar da Kawu a tsallaken titi, jikin katangar da masu tasi ke jira, ya ja hula har gira, yana riƙe da baƙar leda. A cikin ledar kwalba ce irin ta shagonsa.

Ya ce ta wani bawan Allah ce, dattijo, sati uku zazzaɓi na zuwa masa yana tafiya, ga ciwon kwiɓi. Ya ba shi magani, fitsarin ya yi fari kamar ruwan famfo, amma mutumin bai ji sauƙi ba. Ya ce abin ya ɗaure masa kai, a shekara talatin bai taɓa ganin fitsari ya wanku haka mai shi yana kwance ba. Ko zan duba masa da madubi.

Fitsarin Kawu ne da kansa. Ban sani ba a lokacin, kuma ya kamata in sani. Ya take bayan takalminsa saboda ƙafar ta ƙi shiga. Yana magana yana dafa katanga. Gumi na bin wuyansa alhali a inuwa yake. Duk na ga waɗannan da idona, sai daga baya suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Mu ma'aikatan ɗakin gwaji kwalba muka iya kallo, ba fuska ba, ni kuma a ranar ko kwalbar ma da fushi na karɓe ta.

Na rubuta mata "ba suna" na sa a madubi. A ido fari ne tas, yadda ya faɗa. A madubi kuwa mugunya ce cike da fili, ga jini, ga ƙwayoyin cuta suna yawo. Na gwada furotin, wanda lafiyayyiyar ƙoda ba ta barin ya zube a fitsari, ya fito da yawa. Farin da Kawu ke murna da shi ba wankuwa ba ce. Ƙodar ce ta gaji har ta kasa tace komai, ruwan da aka zuba mata take sakowa kusan yadda ya shiga. Duk abin da ya dogara da shi shekara talatin, a wannan karon baibai ya karanta shi.

Na shuka sauran a faranti don in ga wane magani zai kama, na fita. Kusan awa guda ta wuce, yana nan inda na bar shi, rana ta cinye inuwar. Masu tasi uku na zaune a kan mota, mai shayi na wanke kofuna. Da na ja shi gefe. Ban ja shi ba. Muryar matar tela ce a kunnena, kuma ina so wani ma ya ji abin da na ji.

"Kawu, ka je ka gaya wa bawan Allahn nan, in yana son ransa ya rabu da kai," na ce. "Ƙodarsa ta kusa gamawa, kuma ruwanka ne ya ɓata masa lokaci. Tela bai ishe ka ba?"

Masu tasi suka juyo suna kallonmu. Kawu ya kalli ƙasa, ya gyara hula. Can ya tambaya, a hankali, ko ba yadda za a yi likita ya duba mutumin ba tare da ya bi layi ba, don mutum ne mai kunya.

"Layi na nan. Ya zo ya bi kamar kowa."

Ya ce to, Allah ya yi mini albarka. Ya naɗe ledar da babu komai a ciki ya sa a aljihu, ya tafi yana bin jikin katanga.

Bayan kwana biyu farantin ya nuna magungunan da za su kama. Na rubuta a takarda na sa a aljihun tebur, na ce in mutumin ya zo ya tarar. Ban kira Kawu ba. Jira nake ya fara kirana, don a ganina ni aka ɓata wa. Mahaifiyata ta tambaye ni sau biyu ko na leƙa yayanta, na ce aiki ya yi yawa. Sati biyar na yi ina wannan taurin kai.

Inna ce ta zo da kanta, da tsakar rana, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba. Ta ce kwana huɗu ke nan duk abin da ya ci sai ya dawo, shaƙuwa ta hana shi sakat, ƙafafunsa sun zama kamar turmi. Ya hana ta gaya wa kowa, musamman ni. Tun ranar da ya dawo daga wajena ya rufe shago, ya kwaso tukunyar ya kawo gida, ya ninka abin da yake sha, ya ƙara saiwar nan mai ɗaci. Kullum da safe sai ya ɗaga kwalba a tagar ɗaki ya ce mata ta gani, fari ne.

Ko a nan ban haɗa ba. Na ɗauka baƙin cikin maganata ne ya kwantar da shi. Muka ɗauko shi a tasi, aka ba shi gado, na ɗebi jininsa da fitsarinsa da hannuna. Da sakamakon jinin ya fito sai da na sake gwadawa, don ban yarda da lambobin ba. Farantin kuma da ya nuna, ƙwayar cuta iri ɗaya ce, maganin da ya kama wancan shi ya kama wannan, wanda ya ƙi can ya ƙi nan, layi bisa layi. Na jawo aljihun tebur na ɗauko takardar "ba suna" na ajiye su gefe da gefe. A nan na zauna a ƙasan ɗakin gwaji da farar rigata.

Likita ya yi mana bayani washegari. Hanyar fitsarinsa ce ta matse, irin yadda take yi wa dattawa maza, fitsari na taruwa yana komawa baya, cuta na hawa ƙoda tana sauka tana sake hawa. Duk ruwan da yake ɗurawa ƙara wa ƙodar nauyi yake yi. Ya ce da an same shi wata guda da ya wuce, a sa masa roba a buɗe hanya, a yi masa allurai, da an tsira da rabin aikinta ko fiye. Ya juyo ya tambaye ni, tunda ina aiki a nan, ba a taɓa yi masa gwaji ba kafin yanzu? Kawu ne ya amsa daga kan gado. Ya ce ba a taɓa ba, shi ne ya ɓoye wa yarinyar.

Wata bakwai ya yi ana yi masa wankin ƙoda, sau biyu a sati. Ni nake kawo shi in mayar da shi. Abin da ya fi ba ni tausayi ruwa ne. Mutumin da ya tilasta wa tasha guda shan gora biyu a yini, aka ce kada ya wuce kofi biyu. Inna takan jiƙa masa auduga ya tsotsa. Duk da haka bai taɓa zagin tukunyarsa ba. Yakan ce magani ne, sai dai an aike shi inda ya fi ƙarfinsa. Da tela ya zo gaishe shi, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ce ya yafe masa kwana shidan da ya ƙara masa a kan ukun farko.

Maganar ranar nan kuwa ba mu taɓa ta ba sai a wata na shida. Yana kwance a kujerar wanki, jini na fita ta wannan roba yana komawa ta waccan, na'urar na ƙara a hankali. Ina zaune a gefensa ina yanke masa farce. Ban shirya ba, kawai na ji bakina ya tambaye shi me ya hana ya ce mini nasa ne.

"Na ɗauka madubin naki yana nuna mai shi," ya ce, yana murmushi.

Na ce ba wasa nake yi ba. Ya ce ranar ya fito ne da niyyar shiga. Ya zo har bakin ƙofar asibiti, ya leƙa layin masu jiran likita, ya ƙirga mutum biyar da suka taɓa zama a bencinsa. Ɗaya ma har ya ɗaga masa hannu. Mai maganin ƙoda a layin masu ciwon ƙoda, da kati a hannu. Ya ce ƙafarsa ta ƙi. Shi ne ya tsallaka titi ya sa aka kira ni.

"Awar nan da kika bar ni a tsaye, akwai wata 'yar ƙofa koriya a gefen katangarku, ina ta ganin ma'aikata suna shiga suna fita. Ita na yi ta kallo. Na ce in kin fito, wataƙila ki ce, Kawu, biyo ni ta nan."

Na ci gaba da yanke farcen, na yanke har wanda na riga na yanke. Ya ce in bari haka, kada in kai ga nama.

Ya rasu bayan sati biyar, ranar wata Talata da hantsi, Inna na gefensa, ni ina wajen aiki.

Koriyar ƙofar nan ta ma'aikata ce. Daga ita zuwa ɗakin likitan ƙoda taku goma sha ɗaya ne, na ƙirga daga baya, kuma ba a bi ta gaban layi ko kaɗan. Mu shida ne muke da mabuɗinta. Nawa yana aljihun farar rigata a ranar, ina juya shi da yatsa duk tsawon lokacin da nake yi masa faɗa.